Awon Maƙeran Waca

A shekarun da Faransa ke riƙe da ƙasa, lokacin da gyaɗa ta yi daraja a Magariya har manomi ya fara rage wa gero fili dominta, akwai wani gidan maƙera a Waca wanda babu mai iya faɗin ranar da aka fara hura wutarsa. Wuta huɗu ce a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Kakannin gidan su ne suka narka tama a bayan gari, suka ƙera wa ƙasar hauya da gatari da lauje, kuma tun daga kansu ba a taɓa jin wani ɗan gidan ya ɗaure masabarsa ya koma wani gari ba. Kowane maƙeri da wutarsa, shi yake fara aikinsa, shi yake gama shi. Ba su da wani abin awo sai jikinsu: kamu, da taƙi, da yatsa.

Sai kantunan Turawa suka fara kawo ruwan hauya na inji, duk iri ɗaya tamkar uwa ɗaya ta haife su, ga araha. Cikin damina uku rumfar ta yi sanyi. Ranar da aka hura wuta biyu, to an yi aiki.

Babban gidan a lokacin shi ne Sarkin Maƙera Mainassara, dattijo mai tsadar magana. Shi ya aika Damagaram aka kirawo Hambali, ɗan wansa marigayi, wanda ya yi shekara bakwai yana aiki a garejin gwamnati. Hambali mutum ne mai zurfin ciki, irin wanda zai juya magana sau goma kafin ya furta ta sau ɗaya. Amma a wannan karon ya dawo da wani abu a ransa wanda ya hana shi sukuni tun ranar da ya ɗora ido a kai.

Washegarin isowarsa, da hantsi, suka zauna su huɗu: shi, da Baba Mainassara, da Barau, babban ɗan Mainassara, ƙato mai shekara arba'in, da Dauda, ɗan ƙaramin ƙanen Mainassara, siriri kamar karan dawa. Barau bai bari gaisuwa ta yi nisa ba.

"Baba, ni dai na gama magana. Ana gama kakar gyaɗa zan tashi. Mamadu na Mallawa ya ce zai ba ni rumfa a bakin kasuwa. Dauda ma ya ce in na tafi Kano zai nufa."

"Ban ce Kano ba," in ji Dauda. "Na ce zan duba."

"To, ka duba."

Mainassara ya kalli Hambali. Hambali ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki ƙusa, ya fara zane.

"Injin ɓarar gyaɗa ne, Baturen gona ya kawo shi gareji a gyara masa mariƙi," ya ce. "Kwana biyu yana hannuna. Rabin gangar mai ce, a kwance. Cikinta sandunan ƙarfe ne a jere kamar haƙarƙari, da 'yar tazara a tsakaninsu. Ga mariƙi a sama, da ƙafa mai kaushi a gindinsa mai goga gyaɗa a kan sandunan. A zuba gyaɗa da kwansonta, a kaɗa mariƙi gaba da baya, kwanso ya fashe, ƙwaya ta zube ƙasa lafiya lau. Abin da mata goma za su wuni suna yi a turmi, mutum ɗaya zai gama kafin azahar. Kuma kun ji bana kanti ba sa son ta turmi, wai karyewa take yi. Daga Dungas har iyaka babu mai wannan inji sai Bature, shi ma guda ɗaya gare shi. Na duba shi ciki da waje, babu abin da ke jikinsa wanda ya fi ƙarfin rumfar nan."

Tun da yake bai taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban manya ba.

"Sai dai ba aikin mutum ɗaya ba ne," ya ƙara. "Sai mun raba shi. Wannan ya yi nan, wancan ya yi can, a haɗa."

Barau ya yi dariya. "Wato in ƙera rabin abu in miƙa wa wani ya ƙarasa? Ai ko jaki ba a haifar gabansa a gida ɗaya, bayansa a wani gida. Kuma ka ji ni da kyau, ƙane: waccan sandar awo ta Nasara da na hango a jakarka, ba za ta hau kan aikina ba."

Nan Mainassara ya yi gyaran murya. "Saura kwana goma sha biyu a buɗe cinikin gyaɗa a Magariya. Wutar nan huɗu na ba ka ita har ranar. In abin ya yi a gaban mutane, rumfa ta koma bin maganarka, har da ni. In bai yi ba, mai tafiya ya tafi, ba zan riƙe kowa ba. Barau, ka ji?"

"Na ji, Baba."

Hambali ya ɗauki ganga da mariƙi a kansa. Ragar ƙasa kuwa, wato jerin sandunan, ya kasa ta uku, sanda takwas-takwas, kowa ya ƙera nasa daga tsohon ƙarfen mota, ya kafe su a gammon ƙarfe. Dauda ne ya tambayi tazarar da za a bari tsakanin sanda da sanda. Hambali yana da lambar a kansa, amma ga Barau ya kasa kunne. Sai ya tuna ranar da ya zura ƙaramin yatsansa tsakanin sandunan injin Bature, ya shiga cif kamar don shi aka yi.

"Ƙaramin yatsa," ya ce.

Kowa ya gyaɗa kai. Hambali ya ji daɗin kansa, don ya faɗi sabon abu da yaren gidan, babu wanda ya yi musu.

Kwanakin da suka biyo baya, rumfar ta farka. Masaba huɗu suna sauka lokaci guda, zuga-zugi yana numfashi, tartsatsi yana tashi, har masu zuwa rijiya suka riƙa tsayawa da tuluna a ka suna leƙe. Rabon Waca da ta ji irin wannan amo an daɗe. Barau, duk da ɗaure fuskarsa, ana jin sa yana wa ƙarfe kirari ƙasa-ƙasa. Hambali kuwa ko abinci ba ya tsayawa ci a zaune. Yakan duba ganga ya ga rumfa goma, ya ga injin a Mallawa da Dungas da ƙauyukan da bai taɓa takawa ba, sai kuma wata zuciyar ta ce masa ya yi hankali, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Kullum da la'asar Gwaggo Kulu, ƙanwar Mainassara, takan biyo ta wajen. Ita ce mai man gyaɗa da ƙuli-ƙulin unguwar, shekara talatin hannunta yana cikin gyaɗa.

"Har yanzu mai naƙudar ba ta sauka ba?" takan ce. "Ku maza huɗu a kan ciki ɗaya."

A rana ta takwas aka haɗa. Aka ɗora ganga a kan ƙafafu huɗu a ƙofar rumfa, aka shimfiɗa tabarma a ƙasa. Labari ya riga ya zaga, matan unguwa sun cika wurin. Kulu ta juye kwando guda a ciki. Hambali ya yi bisimilla, ya kama mariƙi, ya kaɗa.

Ƙarar da ta fito ta yi daɗin ji, kamar ruwan sama a kan busasshen kara. Gyaɗa ta fara zuba, mata suka rangaɗa guɗa. Hambali ya ƙara sauri, zuciyarsa tana bugawa da mariƙin, har kwando ya ƙare.

Kulu ta durƙusa ta sa hannu. Ta jima ba ta ɗago ba, sannan ta fashe da dariya.

"Ɗan nan, injin naka ya fi mu dabara. Kashi uku ya yi mana. Ga wannan gefe ya mayar mini da gyaɗata da kwansonta kamar yadda na kawo ta. Ga wancan ya niƙe mini ita, saura in murza in soya. Tsakiya kuwa ya rasa ra'ayi."

Guɗar ta koma dariya. Barau ya kakkaɓe hannuwansa. "Ga jakin da aka haifa a gida uku," ya ce.

Hambali bai ji zafin dariyar ba sai daga baya. Idonsa yana kan tsakiyar tabarma, inda cikin tarkace ya hango wani ɗan layi na ƙwaya jajaye, lafiyayyu, ko ɗaya ba ta tsage ba. Ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashin ganga. Ya zura ƙaramin yatsansa a sandunan Dauda, ya ƙi shiga. Ya zura a na Barau, ya shige har yana lilo. A na Baba kuwa, wani wuri ya matse, wani wuri ya buɗe. Ya daɗe a kwance yana kallon ƙarfen, sannan ya fito da ƙura a ƙeyarsa, fuskarsa tana walƙiya.

"Injin lafiyarsa lau. Ku kawo hannuwanku."

Suka miƙa. Ƙaramin yatsan Barau ya kai babban yatsan wani. Na Dauda kamar tsinken tsire. Na Mainassara kuwa masaba ta taɓa faɗa masa tun yana saurayi, ya baje, ta gefe siriri, ta fuska faffaɗa, don haka awonsa ya danganta da yadda ya juya hannu. Kowannensu ya bi umarni daidai, kowa da yatsan da Allah ya ba shi, kamar yadda aka saba a gidan tun fil azal.

"Laifina ne," in ji Hambali. "Awo ɗaya ya kamata mu bi, ba uku ba. Kwana huɗu ya ishe mu mu sake raga."

"To, awon wa?" in ji Barau.

Duk wanda ya tashi a gidan maƙera ya san wannan ba tambayar ƙarfe ba ce. A gidan, mai koyo ne kaɗai yake aiki da awon hannun wani. Ranar da aka bar mutum ya auna da yatsansa, ranar ya zama maƙeri.

"Na Hambali mana," in ji Dauda a hankali. "Shi ya ga injin."

"Ni in koma ɗan koyo a hannun yaron da na goya?" Barau ya juya wajen mahaifinsa. "In awo ɗaya ne, na Baba ne. Shi ne babba."

Mainassara ya dubi bajajjen yatsansa.

Hambali ya ga ramin da ke gabansa ta kowane gefe. In ya ɗaga nasa yatsan, Barau ba zai jira ranar kasuwa ba, yau zai ɗaure kaya. In ya karɓi na Baba don kunya, injin zai sake tozarta su, a Magariya kuma, gaban ƙasa duka. Sandar Nasara tana cikin jaka, an riga an yanke mata hukunci. Ya sunkuyar da kai, ya ji wani nauyi da bai san shi ba a gareji, inda ƙarfe kaɗai ake lanƙwasawa.

Kulu ba ta kula su ba. Tana zaune a tabarma tana tsince abin da za a iya tsira da shi, yatsunta suna ware ƙwaya da kwanso ba tare da ta duba ba. Hambali ya bi hannunta da kallo, sannan ya tsuguna kusa da ita.

"Gwaggo, cikin gyaɗar da ake nomawa a nan, ƙwaya mafi ƙiba kamar yaya take?"

Ta tona, ta ɗauko guda ta ajiye a tafinsa.

"Mai kwanso mafi ƙanƙanta fa?"

Ta ɗauko wata. Sai ta kama ƙaramin yatsansa, ta jera shi da mai kwanson, ta yi tsaki. "Kai ma naka bai yi ba. Duba, wannan za ta bi ta ramin yatsanka ta wuce ba ta gaishe da kowa ba. Gyaɗar Baturenka ban san inda aka noma ta ba, amma tamu 'yar ƙarama ce."

Hambali ya dubi yatsan, ya dubi gyaɗar. Gaskiyarta. Da an bi maganar Dauda, da an bi sandar da ke jaka ma, da rabin buhu ya zube da kwanso. Maimakon kunya sai wani farin ciki ya taso masa tun daga ciki, har ya kasa riƙe dariya. Ya tashi da ƙwayar a hannu, ya je gaban Mainassara ya durƙusa.

"Baba, ba yatsan kowa ba ne. Ga mai awon. Ina roƙo a ƙera mana ɗan ƙarfe mai kaurin wannan, da ɗan ƙari kamar kaurin farce, guda huɗu, kowace wuta ɗaya. Daga hannunka nake so su fito."

"Yau kuma gyaɗa ce za ta koya mini ƙira?" in ji Barau.

Mainassara ya karɓi ƙwayar, ya juya ta a hasken rana. "Hauya ma ƙasa ce ta koya wa kakanka ita," ya ce. "Zuga mini wuta."

Barau ya je ya zauna a bakin zuga-zugi.

Kafin magariba dattijon ya fitar da ƙarafa huɗu, ya goge su da magagari har sai da ya rufe ido ya kasa bambanta su da taɓawa. Kwana uku aka yi ana kwance sanduna ana sake kafawa. Kowa yana zura ɗan ƙarfen kafin ya buga ƙusa. Barau yakan zura nasa a fakaice, ya juya wa mutane baya, amma yana zurawa. Da aka sake gwadawa, babu 'yan kallo sai Kulu. Ta tona tabarma, ta tona, ta ce, "Hm," ta ɗebi ƙwaya ta watsa a baki ta tafi. A bakin Kulu wannan yabo ne.

Wata motar ɗaukar gyaɗa ce ta kai su Magariya. Ranar buɗe ciniki garin ba masaka tsinke: raƙuma, jakuna, takarkarai, buhu a kan buhu, fatake daga ƙetaren iyaka, dogaran kumandan, Baturen mulki, suna ta korar mutane daga bakin ma'auni. Hambali ya zaɓi wuri daidai inda ake juyo da manoman da aka ƙi karɓar gyaɗarsu. Ya buɗe baki zai yi shela, murya ta maƙale.

Barau ya ture shi gefe. "Matsa, ɗan gareji. Kai da ƙarfe ka iya magana." Ya cika ƙirji. "Mai gyaɗa da kwanso ya kawo, a ɓare masa kyauta, ya ga aikin maƙeran Waca."

Wani tsoho makiyayi, wanda ke noma 'yar gonarsa a gefen rugga, shi ya fara yarda, ya sauke rabin buhu daga takarkarinsa. Barau ya kama mariƙi da hannu ɗaya. Ganga ta ɗauki ruri, ƙwaya ta riƙa kwarara a kan tabarma. Kafin tsohon ya gama ɗaure takarkarin an gama. Matarsa ta sheƙe a faifai, suka kai gaban ma'auni, jama'a na biye. Akawun kanti ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ƙasa, ya baza a tafinsa yana neman karyayya. Ya sake nutsawa.

"Da hannu kuka ɓare wannan?"

"Da wancan," in ji tsohon, ya nuna da sandarsa.

Daga nan Hambali bai ƙara ganin ƙasa ba sai ƙafafu. Wannan yana jan hannun rigarsa, wancan yana tambaya ko za a yi wa ƙauyensu, wani yana leƙa ƙarƙashin ganga yana neman inda aka ɓoye aljanin. Dauda ya ɗauki kara yana ta zana wa mutane yadda abin yake a ƙasa, kamar shi ya gano shi. Hambali yana amsawa, yana dariya, gumi yana zuba, yana jin kamar ƙirjinsa ya yi masa kaɗan.

Cikin wannan hayaniya wani mutum mai jar hula ya ratso ya dafa kafaɗar Barau. Hambali ya gane shi, Mamadu ne na Mallawa. Sai ya ji duk ƙarar kasuwar ta ja baya.

"Maƙeri, rumfarka tana nan na sa an yi mata sabon jinka. Yaushe za mu gan ka?"

Barau bai saki mariƙi ba. Ya kaɗa sau biyu, sau uku, kamar bai ji ba.

"Ka sa mai goro a ciki," ya ce. "In Mallawa na son irin wannan, ku nemo gangar mai ku kawo Waca. Ku zo da wuri, akwai mutane a gabanku."

Mamadu ya tsaya yana kallon injin, sannan ya tambayi ganga wace iri.

Da la'asar, da mutane suka ragu, suka zauna a inuwar ganga suna cin gyaɗar da ta zube. Barau ya ce mariƙin gajere ne, an yi shi don masu hannun gareji, sai an ƙara masa taƙi ɗaya.

"Taƙin wa?" in ji Dauda.

Barau ya jefe shi da kwanso. "A ƙera masa ƙarfensa shi ma."

Mainassara yana gefe yana jan carbi. Ya bari suka gama, sannan ya dubi Hambali.

"To, mai rumfa. Jibi in mun hura wuta, me zan kama?"

Hambali ya ga sanduna takwas ɗin dattijon a ransa. Ko da ƙarfen awo, su ne suka fi ba shi wahalar daidaitawa, don hannun ya fara rawa. Ya san ba zai ƙara ba shi raga ba, ya kuma san wannan ita ce magana ta farko cikin maganganu masu nauyi da za su riƙa fitowa daga bakinsa daga yau.

"Ƙarafan awo, Baba," ya ce. "Na mariƙi, da na ƙafa, da na bakin ganga. Kuma duk ragar da aka gama, sai ta bi ta hannunka kafin ta fita."

Dattijon ya dube shi har Hambali ya sunkuyar da kai.

"Sanduna fa?"

"Yaya Barau da Dauda."

Mainassara ya ja ƙwayar carbi ɗaya, ya ja ta biyu. "To," ya ce. "Sai a nemo gawayi da yawa. Na itacen ƙirya, ba wannan tarkacen da Dauda ke kawowa ba."